Bahon Gidan Bayan Magaza

Ƙarfe tara da minti ashirin na safiyar wata Talata, mu huɗu ne a banɗakin gidan da ke bayan magaza, a Magariya. Akwai ni. Akwai sakataren ma'aikatarmu, riƙe da takarda da bik na rubutu. Akwai matashin da aka turo ya gaje ni, mutumin Mallawa, wanda bai daɗe da aure ba. Sai uwargida, wadda ta tsaya daga bakin ƙofa da mayafinta, ta ce ita ba ta shigo ba, kallo kawai take yi.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da magazar da ake ajiye iri da taki da maganin ƙwari. Sha tara daga ciki a wannan gida na yi su. Lokacin ajiye aikina ya yi, kuma ƙa'ida ce kafin mutum ya fita daga gidan gwamnati a bi kayan gidan ɗaya bayan ɗaya, a gwada su da takardar ranar da ya shiga. Wannan zagayen farko ne. Na ƙarshe, wanda za a sa hannu a buga hatimi, an sa shi bayan mako biyu, Talata ita ma, ƙarfe tara.

Daga ƙofar gida muka fara. Sakatare yana karantawa, ni ina nunawa. Ƙofofi biyar, tagogi huɗu, kwaɗo uku kowanne da makullinsa, fanka ɗaya. Duk abin da na nuna sai ya rubuta "lafiya" a gabansa. Da muka zo banɗaki ya karanta, "Baho ɗaya, na ƙarfe, fari." Ya dubi takarda, ya dubi baho, ya sake duban takarda.

Ya ce, "Baba, wannan ne farin?"

Na matsa kusa. Shekara sha tara ina ganin bahon nan kullum, amma sai ranar na dube shi. Daga bakinsa zuwa ƙasa kamar yatsa huɗu, da sauran haske, irin na haƙorin tsoho. Daga nan sai wani jan zobe da ya kewaye shi kaf. Ƙarƙashin famfo kuma tsatsa ta zubo ta yi tsawon kamu ɗaya, kamar an daɗe ana tofa goro a wurin. Gindin ya yi baƙi-baƙi, in ka shafa ka ji shi da kaushi kamar dutsen niƙa.

Sakatare ya ce, "Sai dai in rubuta ya lalace."

Na ce, "Kar ka rubuta komai yau. Ka bar wurin fili sai ranar sa hannu."

Ya yi dariya. "Baba, wa zai karanta? Takardar nan dosiye za ta shiga, dosiye ya tafi Damagaram, gara ta cinye. Ba abin da za a taɓa maka."

Na ce, "Ni zan karanta."

Ya kamata a fahimci wannan tun yanzu. Ni ban yi nisa a karatun lakwal ba, sartifika kawai na samu. Waɗanda suka shugabance ni duk sun fi ni karatu. Abin da nake da shi guda ne: tun da na kama aiki ba a taɓa rubuta wani abu ya ɓata ko ya lalace a hannuna ba, ko da buhu ɗaya. Ranar da na shiga gidan nan da hannuna na sa hannu cewa na karɓi baho fari. Ban yarda takardata ta ƙarshe ta zama ita ce ta farko mai tabo ba.

Gidan, wani Bature mai koya aikin gona aka gina wa, tun kafin a ɗauke ni aiki. In akwai wanda ya taɓa kwanciya cikin bahon, to shi ne. Mu masu wanka da bokiti ne, mutum ya zuba ruwa ya wuce. Uwargida tun ranar farko ta ce ba ta ga hankali a mutum ya zauna cikin dauɗar jikinsa yana jiƙa ba. Sai baho ya zama randar gida. Aka toshe hudar ƙasansa da tsumma. Famfon unguwarmu ba shi da lokaci, yakan kawo ruwa yau, ya ɗauke kwana uku, a bazara har biyar. Saboda haka kowane gida a buɗe yake barin famfonsa, don da ruwa ya zo a ji. Namu in ya fara zuba cikin ƙarfen nan har maƙwabta suna ji, su ma su fito da bokitansu. Ruwan kuma ja yake fara zuwa, sai ya kwanta kafin a ɗiba. Ban da wannan, 'ya'yanmu mata uku duk a gidan suka yi wankan jego na haihuwar fari, kwana arba'in-arba'in, a baho ake juye tafasasshen ruwan ganye kafin a ɗiba. An jiƙa shuni a cikinsa, an wanke ƙafa mai lalle.

Da baƙi suka tafi na ɗauko sabon kaye, wato littafin rubutu, na raba shafi biyu, gefe ɗaya abin da aka gwada, gefe ɗaya abin da aka gani.

Laraba na kwashe ruwan da ke ciki na zuba a bido-bido, wato jarkoki, na bi shi da omo da soso tun daga hantsi har azahar. Dauɗar sama ta fita, zobe yana nan. Alhamis na sayo lemon tsami kwano guda, na matse, na haɗa da gishiri, na shafe tsatsar na bar ta ta sha. Ta ɗan yi haske, daga jan goro ta koma ruwan ƙasa. Juma'a wani maƙwabci ya ce jabel, ai ita ce mai farar da komai. Na zuba. Gindin ya ɗan washe, amma tsatsar ta ƙara turuwa, ta fi yadda take da. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, garin neman gira kar a rasa ido." Na ce ta koma kan tukunyarta. Asabar kanwa da ruwan zafi. Ba abin da ya motsa.

Ran Lahadi na tafi wurin taubashina, ɗan kawuna, mai fentin mota a bayan tasha. A Kano ya koyi sana'ar. Tun muna yara kowa cikinmu bawa yake kiran ɗan'uwansa, kuma har yau ba a raba gardamar ba.

Ya hango ni ya ce, "A'a, yau bawa ya tuna da ubangidansa? Ko keken naka za a yi wa fenti, a kai shi gidan tarihi?"

Na ce, "Wanke hannunka ka biyo ni. Aiki ne, ba wasa ba."

"Kai dama yaushe ka taɓa wasa? Ranar sunanka ma an ce fuska ɗaure ka zo."

Ya hau bayan kekena muka taho. Ya durƙusa gaban baho, ya shafa gindin da tafin hannu, ya karce da farce, ya kira uwargida.

"Matarmu, da me kike wanke shi?"

Ta ce, "Da abin da ake wanke tukunya mana. Toka da rairayi."

"Sau nawa?"

"Kowace Asabar. Tambayi ɗan'uwanka, shi ya kafa dokar."

Gaskiya ta faɗa. Ni na ce duk Asabar a wanke baho, kuma nakan bi in duba, in ban ji ƙarar rairayi ba in yi faɗa.

Taubashi ya zauna a bakin bahon ya yi dariya har da hawaye. Da ya gama ya bayyana mini. Ya ce bahon kamar kwanon langa yake, ƙarfe ne aka lulluɓe da farar fata mai santsi. Muddin fatar tana nan, ba abin da ke kama shi. Rairayi ya cinye santsin kaɗan-kaɗan, ya bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani, jan ruwa da ruwan ganye suka shiga suka zauna. Ya ce, "Tabon nan ba a sama yake ba, a ciki yake. Ko lemon Magariya duka ka matse ba zai fita ba. Da ƙazamai ne ku, da yanzu fari ne. Tsabta ce ta kashe shi."

Na ce, "Magani?"

Ya ce sai dai a yi masa sabuwar fata. Ba da fentin mota ba, akwai wani na musamman mai ruwa biyu, sai an haɗa su yake kamawa, in ya bushe ya yi tauri kamar tangaran. Babu shi a Magariya. Zai ba wani direba mai zuwa Kano saƙo. Na ce a sayo gwangwani ɗaya. Ya ce biyu. Na ce ɗaya ya isa, na auna bahon. Ya ce, "Ka auna baho, ba ka auna kanka ba. Biyu." Na bar shi.

Na sa ya faɗa mini aikin daki-daki, ina rubutawa. Mataki tara suka fito. A wanke. A bar shi ya bushe sarai. A goge da sanfefa mai kaushi, wato takardar nan mai yashi a jiki, sannan da mai laushi. A cike wuraren da fatar ta ɓalle da mastik. A share ƙura da tsumma mai tina, ruwan da ake surka fenti da shi. A rufe duk abin da ba a so fenti ya taɓa. A haɗa ruwan biyu. A fesa sau uku, siriri-siriri, da hutu tsakani. Na tara shi ne ya fi maimaitawa: kwana uku cur, ba ruwa, ba ƙura, ba ƙuda, ba yatsa. Na ja layi biyu a ƙarƙashinsa.

Kaya suka iso Talata da yamma. Laraba ƙarfe bakwai muka fara guga. Bazara ce, banɗakin kuma taga ɗaya gare shi, ƙarama. Muka tuɓe riguna, muka ɗaure hanci da ƙyalle, shi daga kai ni daga ƙafa. Farar ƙura ta rufe mu har gira. Uwargida ta kawo fura ta ajiye daga nesa, ta ce ba ta san wanne ne mijinta ba, duk wanda ya fi yunwa ya ɗauka. Kafin la'asar yatsuna biyu sun fashe. Amma na ga abin da ya faɗa: ko da aka goge, inuwar jan zoben tana nan cikin jikin ƙarfen.

Alhamis taubashi ya zo da injin fesawa a kan amalanke. Muka manna takardu a bango. Ya cire tsumman da ke hudar ƙasa, ya liƙe ta da salatif. Ya naɗe famfo da leda ya ɗaure da roba. Kwana huɗu ke nan ba a kawo ruwa ba, famfon a bushe yake ƙayau, ko ɗigo babu. Shi garejinsa babu famfo, a wurin 'yan garuwa yake sayen ruwa. Ni kuwa ina tsaye da kaye ina sa alama a mataki na shida. Ba wanda ya murɗa kan famfon ya ji.

Fesawar farko ƙarfe goma da rabi. Ta biyu bayan azahar. Ta uku ya gama ƙarfe huɗu da minti goma. Muka tsaya daga bakin ƙofa muna kallo. Ban taɓa ganin fari irin wannan a gidana ba. Har hasken tagar yana kwance a cikinsa. Uwargida ta zo ta leƙa ta kafaɗata, ta ce, "Ashe haka yake." Ta miƙa hannu, na buge hannun.

Na toshe tagar da buhu. Na ja ƙofa, na sa kwaɗo, na jefa makullin a aljihu tare da sauran makullan magaza. Na tara mutanen gida na ce daga yanzu har Lahadi da yamma ba mai shiga, wanka a yi shi a bayan ɗakin girki. Uwargida ta ce in bar mata makullin ko don wani abu. Na ce wannan wani abun shi nake gudu.

Juma'a ƙarfe ɗaya saura minti goma na fita masallaci. A bakin ƙofar masallaci na kashe wayata, kamar yadda na saba. Bayan an sallame na tsaya gaisawa da mutane, kowa yana yi mini barka da ajiye aiki lafiya. Ƙarfe biyu da minti talatin da biyar na shigo layinmu. Na ga mata da bokitai suna kai da kawowa, na ce a raina alhamdu lillahi, an kawo ruwa. Na yi taku uku ko huɗu da wannan farin ciki kafin na tsaya cik.

Rariyar gidana tana zubar da ruwa a titi.

Na samu uwargida tsaye gaban ƙofar banɗaki, ruwa yana bin ƙafafunta, taɓarya a hannunta. Ta jera duk wani kwano da roba da ke gidan a inda ruwan ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, tana juyewa a bido. Daga ciki ana jin zubarsa.

Ta ce, "Tun ɗaya da kwata. Na kira ka sau bakwai."

Na ce, "Kan mita fa? Me ya hana ki rufe daga can?"

"Mita tana cikin shingen magaza. Makullin shingen yana ina?"

Yana aljihuna.

"To da kin fasa kwaɗon!"

Ta ɗaga taɓaryar ta nuna mini. "Ga ta, na ɗauko. Na ɗaga har sau biyu. Sai na tuna kwaɗon ma yana cikin takardarka. Kwaɗo uku, kowanne da makullinsa. Na ce in na fasa, wanne za ka fi yi mini faɗa a kai?"

Na ciro makulli. Na buɗe. Ledar da aka naɗe famfo da ita ta kumbura ta fashe, ruwa ya cika baho yana malala ta baki. Na murɗa kan famfon. Ya yi tauri, sai da na sa hannu biyu, don ni kaina ban tuna ranar da aka rufe shi na ƙarshe ba. Na ɓare salatif ɗin, muka tsaya ruwan ya tsiyaye. Inda ruwan ya fara dukansa fentin ya tattare kamar fatar madara. Gindin ya yi ƙuraje. Jan ruwan farko kuma ya shiga cikin ɗanyen fentin ya zauna, daga ƙasa har baki, wannan karon ko yatsa huɗun nan na sama bai bari ba.

Na buɗe kaye na bi matakan nan tara ɗaya bayan ɗaya. Duk an yi su, duk da alamarsu. Babu inda na rubuta a rufe famfo.

Taubashi ya zo bayan la'asar. Ya duba, ya buɗe baki zai yi magana, ya dube ni, ya rufe. Tun da muke wannan ne karo na farko da ya samu irin wannan dama a kaina ya bar ta. Muka fito muka zauna a gindin dogon yaro.

Ya ce hanya biyu ce. Ta farko, a kankare duka a koma farko da gwangwani na biyu. Asabar kankara da shanya, Lahadi guga, Litinin fesawa. Ba zai bushe ba sai Alhamis. Sa hannu kuwa Talata ne.

"Ta biyun fa?"

Ya rage murya. "Gobe mu goge sama-sama. Lahadi in watsa masa fentin mota, mai saurin bushewa. Talata zai yi ƙyalli har sakatare ya ga fuskarsa, ya rubuta maka fari. Wata biyu, uku, sai ya fara ɓarewa. Kai lokacin kana gida a Sassumbrum kana korar awaki daga gonarka."

"In ya ɓare, a hannun wa?"

"A hannun wanda ke ciki mana. Yaro ne, yana da shekara talatin a gaba da zai wanke sunansa."

Ba zan ɓoye ba, ban ce a'a nan take ba. Na ce ya ba ni zuwa safe. Na yi ta juya maganar har lokacin cin tuwo. Na ce wa kaina ai ba ƙarya zan yi ba, takarda fari ta ce, fari kuma za a gani. Uwargida ta ajiye mini kwano ta ce, "Yaron nan ran da ya zo, da hannu biyu ya karɓi ruwan da na ba shi." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta koma ciki.

Asabar ƙarfe shida da rabi na je na buga wa taubashi ƙofa na ce ya ɗauko abin kankara.

Kankare ɗanyen fenti ya fi guga wuya. Yana naɗewa a wuƙa kamar ƙaro, ga warin tina yana hawa kai. Muka yi yini biyu a kai. Kafin mu fara na rufe famfo, na rufe kan mita, na ɗaure shi da waya, na ba uwargida makullin banɗaki da na shinge. Na ƙara mataki a saman shafi, na sa masa lamba ɗaya, na gyara lambobin sauran.

Litinin ƙarfe takwas, kafin a fara fesawa, na je biro, wato ofishinmu, na samu sakatare. Tun da nake aiki ban taɓa roƙon a ɗaga mini rana ba, sai da na tsaya a baranda na shirya maganar. Na gaya masa abin da ya faru, ban rage ba. Na ce a mai da sa hannu Alhamis da yamma.

Ya ce da a hannunsa ne da ya yi. Amma shef, shugabanmu, zai tafi Damagaram Laraba da asuba, da takardun zai tafi. Kuma kamiyon da zai kawo kayan magajina da iyalinsa daga Mallawa an riga an yi magana da shi, Talata da hantsi, shi ne kuma zai kwashe nawa ya kai Sassumbrum. Ya ce, "Baba, in ka yarda in rubuta fari kawai. Ai fari ne, ko ba fari ba ne?"

Na ce, "Fari ne, amma bai zama baho ba tukuna. Ba a san abin da zai zama ba sai an zuba masa ruwa."

"To me kake so in rubuta?"

"Abin da ka gani."

Talata ƙarfe tara muka sake taruwa, mu huɗun nan. Kayanmu a ɗaure suke a tsakar gida. Aka bi ƙofofi da tagogi da fanka. A banɗaki na buɗe ƙofa kaɗan, na tare da hannu don kar kowa ya shiga. Suka leƙa ɗaya bayan ɗaya. Warin fenti yana nan da ƙarfinsa. Sakatare ya jingina takardar a bango ya rubuta, "Baho ɗaya, ana cikin gyara." Ya miƙo mini. Na karanta daga sama har ƙasa. Layi goma sha bakwai, sha shida "lafiya". Na sa hannu. Ya buga hatimi.

Na ja magajina gefe na ba shi makulli, na yage shafin kaye na haɗa masa. Na ce kar a buɗe sai Alhamis bayan la'asar. Kar rairayi ko toka su taɓa shi, sabulu da tsumma kawai. Kar a juye masa tafasasshen ruwa, sai an surka. In za a tara ruwa a sayi tano, wato duro. Na ce kuma fenti ne, ba fatarsa ta asali ba, in wani abu ya same shi a ce aikina ne.

Ya ce, "In sha Allahu, Baba. Yadda ka ce haka za a yi."

Kamiyo ya iso ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata. Aka sauke nasu, aka loda namu. Amaryarsa ta gaishe mu a durƙushe, na lura da tsohon ciki take. Na san wata nawa ya rage a dafa ruwan ganye, in ba gidansu za ta koma haihuwa ba.

Yau shekara huɗu ke nan ina Sassumbrum. Ban ga bahon nan bayan fentinsa ya bushe ba. Na kira magajina ran Juma'ar farko, ya ce, "Lafiya lau, Baba, ya yi kyau ƙwarai." Amma shi mai ladabi ne, ko rufin gidan ne ya faɗo haka zai ce mini. Bayan shekara biyu aka mai da shi wani gari, wani ya shiga, wanda ban sani ba. Taubashi in na tambaye shi sai ya ce fari fat, kamar haƙorana, ni kuwa saura shida a bakina. Na je Magariya ba sau ɗaya ba, na bi ta layin, amma namiji ba ya sallama a gidan wani ya ce a kai shi banɗakin iyali. Na ce uwargida ta shiga a matsayin gaisuwa. Ta ce ta gama da bahon nan duniya da lahira.

Kwafin takardar yana cikin akwatina. Har yanzu cewa take yi ana cikin gyara, kuma ba ni da hujjar da zan je biro in nemi a canza layin sai da shaidar wanda ya gani da ido.

Don haka ga roƙona. In ke mace ce mai shiga gidan da ke bayan magazar iri a Magariya, ko kai mai gyaran famfo ne da aka taɓa kira ciki, ko kai ne mai gidan yanzu, a duba mini wuri uku. Na farko ƙarƙashin famfo. Na biyu kewayen hudar ƙasa. Na uku a shafa gindin da tafin hannu a ji ko da santsi. Abin da aka gani a faɗa wa mai fentin mota na bayan tasha, a ce saƙon bawansa ne, zai gane. Amma a rubuta a takarda a liƙe kafin a ba shi, kuma in ya ɓare a rubuta ya ɓare.